Hoton da Kawu Ya Juya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu ya cika ranar wata Laraba da hantsi bayan jinyar kwana tara, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ko ya shiga tsere a cikin birnin Zariya a shekarun nan da suka wuce, ya san shi da Malam Mai Hoto.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Limancin Kona. Ban daɗe da zama ba na lura da wani abu. Masu ta'aziyya sai su gaisa da 'ya'yansa a gurguje, sannan su zo su durƙusa a gabana su daɗe.

"Malam, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya."

"Allah ya jiƙansa. Ka dai yafe masa. Wanda ya riga ya kwanta ba a riƙe shi a zuci."

Na farko ya faɗa, na biyu ya faɗa, har na daina ƙirgawa. Tsohon shugaban ƙungiyar tseren keke, wanda har yau Ciyaman muke ce masa, ya riƙe hannuna ya rage murya ya ce, "Mutumin kirki ne wallahi, in ka cire waccan maganar."

Ana cikin haka wani dattijo mai furfura ya sauka daga babur, ya tuɓe takalmi, ya yi gaisuwa cikin ladabi, ya zauna a bakin tabarma. Malamin makaranta ne daga Wusasa, Ticha ake kiransa. Hira ta tsaya cak. Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya koya mini ɗinkin riga, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ka gani ko? Ruwa ba ya tsami banza. Shekara goma sha biyu muna faɗa ana cewa zato ne."

Ni ma abin da ke raina ke nan. Ina rubuta wannan ne saboda kada a binne Kawu da waccan maganar, kuma zan faɗe ta yadda take, ko da ni za ta fi yi wa ciwo.

Kawu ma'aikacin safiyo ne, a wurin aikin awon filaye ya saba da kyamara. Bai taɓa buɗe shago ba. In ka ce ya zo ya ɗauki hoton biki ko na fasfo sai ya tura ka Tudun Wada. Cewa yake, "Mutumin da ya gyara hula ya shirya fuska ba shi ba ne. In kana son ka ga mutum, ɗauke shi yana haki." Saboda haka duk ranar Asabar da Lahadi yana filin ƙwallo, ko wurin langa, ko bakin titi in ana tsere.

Tun kafin kowa ya zo yake isa. Ya taka wurin da ƙafa, ya ɗaga kai ya dubi inda rana take, ya naɗe hannun riga a kafaɗa, sannan ya nemi tudu ya hau. Ba ya danna kyamara sai ya yi bisimilla, kuma ba ya danna ta sau biyu a kan abu ɗaya. A gida ya mai da wani ƙaramin ɗakin ajiya ɗakin wankin hoto, ya toshe tagar da tsohon bargo. Matarsa ta sha yi masa ƙorafin warin ruwan magani, yana ce mata ita ma daddawarta ba turare ba ce.

Tun farko mutane ba su saki jiki da shi ba. Zamanin mulkin soja ne, kuma ga mutum yana yawo da kyamara, yana rubutu a bayan kowane hoto da tawada da alƙalami. Ajami yake rubutawa, ƙanana ƙanana, kamar sawun tururuwa. Sai aka fara cewa sunayen mutane yake tara wa hukuma. Wata rana wani mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ya fizgi hotonsa daga hannun Kawu, ya kawo mini zaure yana huci, ya ce tunda na yi karatun allo in karanta masa abin da aka rubuta a kansa. Na karanta a gaban jama'a: "Ya yi tsalle irin na kwaɗo, ƙwallo ta bi ta ƙarƙashinsa." Aka fashe da dariya. Mutumin ya karɓi hotonsa ya ce, "Ai da ma na hukumar ne da ya fi mini sauƙi."

Wani malami kuma ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci a kan hukuncin hoto. Kawu ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban ƙagi siffar kowa ba. Inuwa ce Allah ya yi, na tare ta a takarda." Malamin bai gamsu ba. Ni dai ba zan shiga wannan mas'ala ba, na bar wa ma'abotanta.

Yana da wata ɗabi'a da nake tunawa. In an gama tsere kowa ya bi wanda ya ci, shi ba ya sauka daga inda yake sai na ƙarshe ya iso. Akwai wani ɗan garuwa da ke shiga tseren gudu duk shekara, kuma duk shekara shi ne kurar baya. Kawu ya wanke masa hoto babba, ya kai masa har bakin rijiya. Har wannan ma sai da aka ce ba'a yake yi masa.

Abin da ya sa daga baya aka yarda da shi, gardama ce. In alƙalai suka saɓa a kan wanda ya riga wani, sai a ce a jira hoton Malam. Shi kuwa in ya kawo sai ya ajiye ya ce, "Ido yana da ɗan'uwa, kyamara ba ta da shi." Wannan magana ta bazu, har masu sayar da hatsi a kasuwa suna faɗinta in ana musu a kan mudu.

A lokacin ni saurayi ne mai ƙarfi a jika. Da keke nake kai rigunan da muka ɗinka Sabon Gari in dawo, wani lokaci sau biyu a yini. Da ƙungiya ta shirya tseren keke bayan ɗaukewar damina, sai unguwa ta ce ni zan tsaya mata. Za a fita bayan gari, a zagayo ta wajen Wusasa, a shigo ta Ƙofar Doka, a ƙare kusa da Babban Dodo, inda aka ja layi da toka daga wannan gefen titi zuwa wancan. Ƙungiya ta ba kowa farar singileti da farar hula iri ɗaya, lamba kuma a baya aka manna ta. Kekunan ma duk baƙaƙe ne irin na kowa.

Tun daga ƙofar gari mu biyu muka rage, ni da Ticha. Muka sunkuyar da kai, muka shigo kafaɗa da kafaɗa, muka tsallake tokar kamar tare. Alƙali ɗaya ya ce ni, ɗaya ya ce shi. Kawu yana kan rufin wani shago yana fuskantarmu. Daga inda yake tsaye ni ne a hagu, Ticha a dama, wannan kowa ya shaida. Aka ce a jira hoto.

Ba a bar shi ya yi aikin a natse ba. Jama'a suka bi shi har gida, suka cika zaure, wasu suna dukan ƙofar ɗakin wankin suna cewa ya yi sauri. Ya faɗaɗa tsakiyar hoton kawai, kekuna biyu da layin toka, ya fito da shi bai ma gama bushewa ba. Fuskokinmu ba su fito ba, hula biyu ce kawai a sunkuye. Amma tayar da ke hagu ce ta taka layi. Aka ɗauke ni sama, aka ba ni kofi, aka yi fatiha. Inna, wato mahaifiyata, ta yi waina ta raba wa maƙwabta.

Bayan kwana uku Kawu ya je wurin Ciyaman ya ce a tara mutane. Muka haɗu a zauren Ciyaman ɗin, ina tsammanin wasu hotuna ya kawo a raba.

Ya ce, "Jama'a, na yi kuskure. Fim fuska biyu gare shi, mai sheƙi da mara sheƙi. Ranar nan ana bugun ƙofa, na kifa shi a na'urar. In aka kifa fim, hagu takan koma dama, dama ta koma hagu. Ga shi na sake wankewa daidai. Ticha ne ya ci."

Ya ajiye sabon hoton kusa da tsohon. Iri ɗaya ne sak, sai dai yanzu tayar dama ce a kan layi. Baffa ya ɗauki wannan, ya ɗauki wancan, ya dubi Kawu.

"Ashe ana iya juya hoto?"

"Ana iyawa, Alhaji."

"To wanne ne na Allah, wanne ne naka? Ba kai kake ce mana kyamara ba ta da ɗan'uwa ba?"

"Ba ta da shi. Hannuna ne ya ɓata."

"Ko kuma hannun ne ya yi sabon ɗan'uwa," in ji wani daga baya.

Kawu ya ciro fim ɗin ya ɗaga shi wajen haske, yana nuna musu wasu lambobi a gefensa. Aka leƙa, aka ga fararen kaya sun zama baƙaƙe, baƙaƙe sun zama farare, aka mayar masa da abinsa. Ciyaman ya ce an riga an ba da kofi, an shafa fatiha, magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Kafin Juma'a an ce mutanen Wusasa sun ba shi sabuwar kyamara. Wasu suka ce dama a wurinsu ya koyi wankin hoto, biyan alheri yake yi. Wasu suka tono wani tsohon saɓani tsakaninsa da mahaifina a kan katangar bayan gida. Shekarun ne kuma da aka fara yi wa juna kallon gefen ido, ko gaisawa ka yi da wanda ba addininku ɗaya ba sai an tambayi dalili. Ƙungiya ta daina kiransa. In ya je filin ƙwallo samari su riƙa ihu, "Malam, kar a juya mu!" Waɗanda a da suka ci gasa da hotonsa, aka fara yi musu gorin ko su ma juya musu aka yi. Bai daina zuwa ba. Sai dai yanzu can nesa yake tsayawa, kuma in ya wanke hotuna babu mai zuwa karɓa. Inna ta ɗauke ƙafa daga gidan yayanta, sai haihuwa ko mutuwa. Ni kuwa ina gaishe shi a hanya, gaisuwar da ba ta wuce "ina kwana, ina gajiya".

Kamar wata guda bayan taron, ya same ni a zaurenmu da rana ina ɗinki. Ya zauna, ya ajiye wata ambulan mai ruwan ƙasa a gabana.

"Ɗana, wannan cikakken hoton ne, ban yanke komai ba. Na lura da wani abu a ciki. Kai maɗinki ne, in ka duba za ka gani."

Ban ɗaga kai daga allura ba. Na ce, "Kawu, na ga hoto biyu, sun ishe ni. Na uku kuma wa zai ci?"

Ya daɗe yana kallon rigar da ke kan cinyata, sannan ya ce, "Ɗinkinka yana kyau." Ya ɗauki ambulan ɗinsa ya fita. Bai sake tayar mini da maganar ba har ya bar duniya.

A nan dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata. Ranar tseren, daidai kan toka, na ga baƙar taya a gefena ta wuce tawa da kamar yatsa huɗu. Na gani da idona. Da hoton farko ya fito sai na ce wa kaina gumi ne ya shiga mini ido. Da Kawu ya kawo na biyu sai na tarar zarginsa ya fi mini sauƙi a kan in mayar da kofi, in kalli Inna da wainarta, in kalli unguwa. Gari ya ɗinka masa rigar zargi, ni ma na sa allurata.

Rana ta biyu ta zaman makoki, bayan la'asar, matar Kawu ta aiko a kira ni. Tana zaune cikin takaba, da wani akwatin ƙarfe a gabanta. Ta ce 'ya'yansa boko suka yi, ba sa iya karanta rubutun mahaifinsu, in ɗauka in duba ko akwai wasiyya. Da na buɗe, ambulan ɗin nan ce a sama. Na gane ta nan take.

Na koma gida na zauna inda nake ɗinki, inda haske yake. Hoton iri biyu ne, juyayye da na daidai, kowanne da titin gaba ɗaya da jama'a a gefe da gefe. Na ɗauki wanda na ci a cikinsa. A sahun gaba ga Baffa tsaye, baki buɗe yana ihu, sanye da wata aska takwas da ni na ɗinka masa da hannuna, wata uku ina kanta. Aljihun rigar yana ƙirjinsa na dama. Asakun duk sun zubo ta dama. Na dubi na kusa da shi, shi ma haka. Duk mai babbar riga a hoton nan aljihunsa a dama yake, har da wani tsoho riƙe da carbi a hannun hagu.

Tun da aka fara ɗinkin riga a birnin nan ba a taɓa sa aljihu a dama ba. Da na buɗe ambulan ɗin nan ranar da ya kawo mini, kallo ɗaya ya isa.

Na juya bayan hoton. Rubutunsa ne, tawadar ta fara ja: "Na ɗan ƙanwata. Na kai masa bai duba ba. A ajiye masa har ya duba. Kada a kai wa ƙungiya, shi zai kai."

Na karanta sau uku. Wato yana da hujjar da ko Baffa ba zai iya musawa ba, ya ajiye ta shekara goma sha biyu a akwati, ana yi masa ihu a filin ƙwallo, don kada a ƙwace kofin daga hannuna a bainar jama'a. Jira yake in kai da ƙafata. Na duba gefe da gefen takardar ko zan ga inda ya rubuta ya yafe mini. Babu.

Na aika wa Ticha da roƙon ya daure ya dawo ranar sadakar uku. Ya zo, ya zauna inda ya zauna ranar farko. Da aka gama addu'a, kafin mutane su miƙe, na miƙa wa Baffa hoton.

"Baffa, wa ya ɗinka maka wannan rigar?"

Ya gyara tabarau, ya yi murmushi. "Kai mana. Ai har yanzu tana nan a adaka."

"Duba aljihun."

Ya kai hoton kusa da ido, ya nisantar da shi. "Kai, wane shashasha ne zai sa aljihu a..." Bai ƙarasa ba. Hannunsa ya tafi ƙirjinsa na hagu, ya dafa aljihun rigar da ke jikinsa. Na ce masa wannan shi ne hoton da aka ba ni kofi da shi, kafin a yanke gefensa.

Hoton ya bi hannu hannu. Rabin mutanen da ke kan tabarmin nan maɗinka ne ko 'ya'yan maɗinka, kuma duk wanda ya duba sai ka ga ya dafa ƙirjinsa. Da ya kai ga Ciyaman ya jujjuya shi ya ce, "To ai... wa ya sani ko shi ma wannan ɗin juya shi aka yi?"

Baffa ya ce, "Juya shi aka yi mana, Ciyaman! Abin da marigayin ya tara mu a zaurenka ya faɗa ke nan."

Sai na faɗa musu maganar yatsa huɗu. Na ciro kofin daga cikin buhu, ya dushe ya yi baƙi, na je na durƙusa gaban Ticha. Ya dube shi ya dube ni.

"Malam, ni da yanzu gwiwata ko matakala ba ta so, me zan yi da kofi?"

"Naka ne, Ticha. Ka yi haƙuri da jinkiri."

Ya karɓa ya ɗora a cinya. Ya ce, "Na ji an ce na ba shi kyamara. Sau ɗaya tak ya taka gidana. Ya tsaya a ƙofa ya ce, na yi maka kuskure, na je in gyara an ƙi. Na kawo masa ruwa ya ƙi sha, ya ce kada a ce da ruwa na saye shi. Shi ya sa da na ji ya rasu na zo."

Baffa ya ja hular kansa ya rufe fuska. Can daga cikin gida na jiyo kukan Inna, an shiga an gaya mata. Ba irin kukan ranar Laraba ba ne.

Akwatin yana wurina. Ina bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, ina karanta bayansu, ina kai wa masu su ko 'ya'yansu. Wasu sukan karɓa da hannu biyu. Wasu har yanzu sai sun duba aljihu tukuna, ni kuwa ba na hana su.

Ku da kuka durƙusa a gabana kuka ce in yafe masa, ga amsata. Ba ni da abin da zan yafe. Wanda zan nemi yafiyarsa yana ƙarƙashin ƙasa, abin da ya bar mini kawai shi ne, "Ɗinkinka yana kyau." Yanzu duk rigar da zan fitar wa aljihu, sai na ajiye allura na karanta masa Ƙulhuwallahu kafin in soka.

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya karɓi shaidarsa yadda mu muka ƙi karɓa. Mu kuma da muka zarge shi, Allah ya sa ya yafe mana kafin mu tarar da shi. Amin.